Abin da Ya Riƙe Ni Shekara 35 a Bakin Gadon Majinyata

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi magana a kan aikin jinya, aikin da na shiga ina budurwa a shekarar 1986, na kuma ajiye shi a 2021 da furfura a kaina, bayan na cika shekara 35 da dokar aikin gwamnati ta yanka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar da ɗiyar ƙanwata ta bugo mini kwanakin baya, wajen ƙarfe biyu na dare, daga asibitin da take aiki. Shekararta biyu ke nan da gama makarantar jinya. Muryarta na rawa ta ce, "Inna, na gaji. Yaro na uku ke nan da ya cika a hannuna cikin mako guda, uwarsa kuma ta dube ni ta ce ni na kashe shi. Ku wai me ya riƙe ku har kuka kai ritaya?" A daren ban iya ce mata komai ba sai dai ta sha ruwa, ta wanke fuska, ta koma ta duba sauran yaran, domin tambaya irin wannan ba a amsa ta a waya ana tsakiyar aiki. Na san kuma ba ita kaɗai ke yin wannan tambaya ba, shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a inda wasu ma za su karanta.

Amsata ita ce bangaskiyata ga Yesu Almasihu da kuma mutanen gidana. Na faɗi haka ina sane da cewa yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kuma na yi aiki da 'yan'uwa Musulmi waɗanda imaninsu ya riƙe su kamar yadda nawa ya riƙe ni, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka abin da na sani da kaina shi zan faɗa.

Duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa a 1996 ba zai manta da bazarar wannan shekara ba. Sanƙarau ya ɓarke a jihohi da dama, kuma alƙaluman da aka fitar daga baya sun nuna cewa sama da mutum 100,000 ne suka kamu, fiye da 11,000 kuma suka rasu. A asibitin da nake a lokacin, gadaje sun ƙare tun makonnin farko, muka shimfiɗa tabarmi a baranda, da baranda ta cika muka koma ƙarƙashin itatuwan darbejiya, muna kafa ƙusa a jikin itace muna rataye ledar ƙarin ruwa. Maganin da muka fi dogara da shi wata allura ce mai kauri kamar mai, ana kiranta chloramphenicol, sai ka danna da ƙarfi kafin ta shiga tsoka, har babban yatsana ya yi kanta. Wata rana da la'asar wani magidanci ya kawo 'yarsa a amalanke, yarinya ce da ba ta wuce shekara bakwai ba, wuyanta ya sandare, bayanta ya gantsare, kitsonta sabo ne, da alama ba a fi kwana biyu da yi mata shi ba. Na yi mata allura, na kwana ina leƙa ta da tocila tsakanin sauran majinyata, amma kafin kiran asuba rai ya yi halinsa. Uban ya naɗe ta a mayafin matarsa, ya juyo ya ce mini, "Sista, mun gode, Allah ya saka da alheri, kwananta ne ya ƙare." Da zagina ya yi, wataƙila da na fi iya ɗauka. Godiyar nan ce ta karya mini zuciya.

Da na isa gida da hantsi, sai na zauna a dokin ƙofa na hana yara su taɓa ni. Maigidana, wanda malamin makarantar firamare ne, bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora ruwa a murhu, ya kai mini bokiti banɗaki, ya kwashe kayan aikina ya jiƙa su da kansa, sannan ya ajiye mini kofin koko da ƙosai. Sai da na ci na natsu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta ƙarshen sura ta 40 ta Ishaya, inda aka ce har samari sukan gaji su faɗi, amma masu sauraron Ubangiji za a sabunta ƙarfinsu. Bai yi mini wa'azi a kai ba, ya rufe littafin ya ce in je in kwanta, zai kai yara wajen maƙwabta don kada su tashe ni. Da yamma na koma aiki. Idan aka ce in ware bangaskiya daban, iyali daban a cikin abin da ya faru a wannan safiya, ba zan iya ba, domin hannun da ya ɗora ruwan shi ne ya buɗe littafin.

Akwai wuri guda a cikin Bisharar Matiyu, sura ta 25, da na riƙe tun ina ɗaliba. A can Yesu ya lissafa mai yunwa, da mai ƙishirwa, da baƙo, da marar tufa, da marar lafiya, da ɗan kurkuku, ya ce duk abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi aka yi wa. Karanta wannan a majami'a da safiyar Lahadi abu ne mai daɗi, amma ban gane nauyinsa ba sai ranar da aka bar mana wani tsoho a ɗakin maza. Waɗanda suka kawo shi sun ce za su je sayen magani, ba su dawo ba. Shanyewar ɓarin jiki yake da ita, ya daɗe a kwance a gida ba a juya shi, bayansa duk gyambo, warinsa ya sa majinyatan da ke kusa suna roƙon a canja musu gado. Mako shida muna wanke shi, muna ɗaukar masa fo, muna juya shi kowane awa biyu, muna ba shi kunu da cokali. Ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da cikina ya juya na fita waje na yi amai. Abin da ya mayar da ni ɗakin shi ne tunanin cewa idan maganar nan ta Matiyu gaskiya ce, to wannan bayan mai gyambo na Ubangijina ne, kuma shi da kansa ya taɓa ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a zamanin bayi ne ke yin sa. Tun daga lokacin na daina jin cewa akwai aikin da ya fi ƙarfin a yi shi da mutunci a asibiti.

Tsohon nan Musulmi ne. Da na ga numfashinsa ya fara sauyawa, na kira wani abokin aikinmu ya zo ya riƙa maimaita masa kalmar shahada, muka kuma juya gadonsa ya fuskanci alƙibla. Na kawo wannan ne domin wasu matasa masu zafin addini, a ɓangarorin biyu, suna ganin gadon majinyaci wurin farautar mabiya ne. A ganina wannan cin amana ne. Mutumin da ciwo ya kayar, yake hannunka, ba ya iya ce maka a'a, bai kamata ka matsa masa da abin da bai nema ba. Na yi wa dubban majinyata addu'a a zuciyata, na yi da baki tare da waɗanda suka roƙa, sauran kuma na bar hannuna ya yi shaidar.

Mu Kiristocin Arewa da ke wannan aiki muna da magabata. Akwai asibitin St. Luke a Wusasa kusa da Zariya, garin da ya fitar da Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Akwai asibitin Vom a Filato, da na Garkida a Adamawa inda aka daɗe ana jinyar kutare a lokacin da danginsu ma ke gudunsu, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar wanda aka buɗe a 1950 kuma har yau Hausawa daga ɓangarorin iyaka biyu suke zuwa. Mutane da yawa suna jin sunan zazzaɓin Lassa a rediyo ba tare da sanin cewa ta kan ma'aikatan jinya aka gano shi ba. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar, kuma bayan ta warke ta dawo Najeriya ta ci gaba da aiki. A shekarar da ta biyo baya cutar ta kashe Dakta Jeanette Troup a Jos. Sunayen waɗannan an rubuta su domin Turawa ne, amma tare da su akwai 'yan ƙasa masu yawa, masu ba da magani, da unguwarzoma, da masu shara da wanki, waɗanda suka taɓa jini ɗaya da amai ɗaya, ba wanda ya ajiye sunansu. A zamaninmu kuma, lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, ana tunawa da Dakta Stella Adadevoh, likitar da cutar ta kashe bayan ta kula da mai cutar na farko, kuma ta cancanta, sai dai tare da ita akwai matashiyar nas Justina Ejelonu wadda ita ma ta rasa ranta. Idan na gaji, nakan tuna cewa a wannan layi nake tsaye.

To amma bangaskiya ba ta goya jariri, ba ta kuma tuƙa tuwo, a nan ne iyali suke shigowa. Lokacin da na haifi ɗana na biyu, hutun haihuwa ya ƙare yana wata uku, aka kuma sa ni aikin dare. Surukata, Allah ya ba ta hutawa, ta baro ƙauye da gonarta ta gyaɗa ta zo ta zauna da mu wata takwas. Gidanmu ba shi da nisa da asibiti, don haka idan yaron ya ƙi yin shiru sai ta goya shi, maigidana ya riƙe mata fitila, su zo bakin ƙofar asibiti, maigadi ya aika a kira ni, in ba shi nono a ɗakin maigadin in koma. Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta kan ce mini, "'Yata, ke kina jinyar 'ya'yan mutane, ni ina jinyar naki, Allah kuma yana jinyarmu duka." Maigidana ya sha ba'a a unguwa. Akwai waɗanda suka riƙa kiransa mijin-ta-ce don sun gan shi yana wa yara wanka, akwai kuma masu raɗa cewa macen da ke kwana a waje ba a san inda take kwana ba. Wannan raɗa ta kashe auren nas-nas da yawa da na sani, ta kuma sa wasu iyaye a Arewa hana 'ya'yansu mata karatun jinya, alhali su ne kuma suke ƙin namiji ya karɓi haihuwar matansu. Ba a iya riƙe biyun a lokaci guda.

Ba na so in nuna kamar komai ya tafi daidai. 'Yata ta fari tana aji huɗu ta taɓa ce mini, "Mama, ke ta asibiti ce, Baba ne namu." Maganar ta zauna mini a ƙirji shekaru. Na rasa bukukuwan makaranta, na rasa jana'izar kawuna, kuma sau da dama nakan dawo gida da fushin da wani ya ɗora mini a wurin aiki in sauke shi a kan yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Abin da ya gyara mu shi ne addu'ar safe da maigidana ya kafa ya kuma ƙi sassautawa. Idan na dawo daga aikin dare ƙarfe bakwai, sai in same su suna jirana, mu rera waƙa ɗaya, a karanta aya, sannan kowa ya faɗi wanda yake so a yi wa addu'a. Ba na faɗin sunan majinyaci, domin sirrinsa amana ne, sai in ce akwai mai gado na huɗu, ko akwai wata mai naƙuda da jijjiga ta kama. A hankali yaran suka fara tambayata da yamma ko mai gado na huɗu ya samu sauƙi. Ta haka asibitin ya daina zama kishiyarsu.

Akwai kuma wani iyali da aikin ya ba ni. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya da wata Hajiya, ita take karɓar mini aikin Kirsimeti da Ista, ni kuma in karɓar mata na Sallah ƙarama da babba, kuma a watan azumi nakan riƙe ɗakin ni kaɗai da magariba domin ta sha ruwa a natse. Babu metiron, wato shugabar nas-nas, da ta rubuta mana wannan tsari. A lokacin wani rikici da ya hana mu fita daga asibiti kwana uku, a tabarma ɗaya muka kwana, muna ɗinke raunukan mutanen da ba mu tambayi addininsu ba.

Ina da ƙorafi ga ikilisiya, kuma a matsayin 'yar gida nake yin sa. An taɓa kirana gaban dattawa a wata majami'a da muka zauna, aka ce an lura ba na zuwa sujadar Lahadi a kai a kai, ba a kuma ganina a Zumuntar Mata. Na ce musu ranar Lahadi ma ana haihuwa, ana kuma mutuwa. Wanda muke bi ya warkar da marasa lafiya a ranar Asabar, ranar hutu da ibada ta Yahudawa, masu addini suka yi fushi da shi. Kuma idan muka duba labarin annabi Iliya a littafin Sarakuna na fari, sura ta 19, lokacin da ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ikan da aka aiko bai fara da tsawata masa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Da ikilisiyoyinmu za su koyi wannan tsari, da fasto zai san membobinsa da ke aikin dare, a kai musu ziyara a lokacin da suke farke, matan zumunta su ɗauki yaran nas ɗin da aka tsare a asibiti lokacin kwalara ko mashaƙo, a kuma daina auna ruhaniyarta da yawan zamanta a benci.

Ƙorafina ga hukuma ya fi wannan girma. Na sha jin manyan jami'ai a bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya, 12 ga Mayu, suna ce mana aikinmu kira ne daga Allah, ladanmu yana sama. Na yarda kira ne, amma ban yarda a fake da wannan a hana mu haƙƙinmu ba. Shekaru masu yawa kuɗin hatsarin da ake biyan ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, wato kuɗin da aka yi wa ran mai taɓa jinin mai Lassa ke nan. Na karɓi haihuwa da fitilar waya a bakina, na kuma sayi safar hannu da kuɗina. A misalin Basamariye mai kirki da ke Luka sura ta 10, wato labarin matafiyin da ya taimaki wani da 'yan fashi suka raunata a hanya, mutane sukan tsaya a kan tausayinsa su manta da cewa da ya kai mai raunin masauki, ya ciro dinari biyu ya biya mai masaukin, ya kuma yi alkawarin cika duk abin da aka ƙara kashewa. Mai jinyar ma an biya shi. A cikin surar nan ne kuma aka ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da unguwarzoma rajista ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma kowace da ta tafi Ingila ko Saudiyya ta bar gadajenta a kan wadda ta rage, irin ɗiyar ƙanwata.

Mu ma muna da namu laifin, kuma bangaskiyar da ke ƙarfafa ni ita ce take tuhumata. Jama'a suna cewa nas-nas suna da tsawa da wulaƙanci, musamman a ɗakin haihuwa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ni kaina na taɓa daka wa wata yarinya mai haihuwar fari tsawa, na faɗa mata maganar da har yau nake jin kunyarta, don kawai ita ce ta tara da na karɓa a daren. Ranar Lahadin da ta biyo baya aka yi Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu, na kasa miƙa hannu. Washegari na bi adireshin da ke katinta har gidansu, na durƙusa na roƙe ta gafara a gaban uwarta, wadda ta yi ta mamakin ganin sista da farin kaya a tsakar gidansu. Gajiya tana bayyana dalilin tsawa, amma ba ta wanke mai yin ta.

Ɗiyar ƙanwata ta zo gidana ranar hutunta, muka zauna a tsakar gida muna tsinke zogale, na ba ta yawancin labaran nan. Ban ce mata ta zauna ba, ban kuma ce ta tafi ba, domin ta riga ta fara karatun jarrabawar fita waje kuma hukuncin nata ne. Na dai ce mata uwar da ta zage ta ba da ita take ba, da mutuwa take, kuma babu laifi ta yi kuka bayan ta rufe wa yaro ido, illa dai kada ta yi shi ita kaɗai. Mun shirya cewa duk makon da take aikin dare, maigidana, wanda yanzu shi ma ya yi ritaya, zai kai mata tuwo da miyar kuka a kula kafin ƙarfe takwas, ni kuma zan bar wayata a kunne kusa da matashi. A makon jiya ta bugo sau ɗaya, wajen ƙarfe uku, ta ce wani yaro mai tamowa da suka fid da rai da shi ya karɓi madara da kansa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Taka,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Jos, Jihar Filato.